Yadda Ake Zaɓen Kalkuleta Mai Zana Giraf Don Karatun Lissafi da Kimiyya a Jami'a

Shekarar da ƙanena ya samu gurbin karatun injiniyanci, wani kawunmu da ke aiki a ƙasar waje ya aiko masa da tsarabar kalkuleta. Ba irin wadda muka saba gani ba ce. Allonta mai launi ne, tana zana giraf, har aljabara take warwarewa da kanta. Yaro ya yi ta yawo da ita a aji kamar wanda ya yi sabuwar waya. Ranar jarrabawar farko ta kalkulas, mai sa ido ya tare shi a bakin ƙofa, ya karɓe ta, ya juya gaba ya juya baya, ya ce, "Wannan ai kwamfuta ce. Ajiye ta a nan, ka ɗauka in ka fito." Da ta aro ya rubuta jarrabawar, wadda bai san kanta ba. Da yamma ya kira ni, murya a sanyaye: "Yaya, wallahi sai da na ɓata kusan minti goma ina neman inda ake sauya digiri zuwa radiyan."

Kalkuletar ba ta da laifi, kawu ma bai da laifi. An dai sayi kaya kafin a yi tambaya ne. Shi ya sa matakan da zan kawo ba daga shago suka fara ba.

Mataki na farko: tambayi abin da aka yarda a shiga da shi ɗakin jarrabawa

Kafin ka cire ko sisi, nemi takardar bayanin kwas da malami ke rabawa a farkon zango, ka duba kuma littafin dokokin ɗalibai na sashenku, wajen da aka yi maganar jarrabawa. In ba ka ga komai a rubuce ba, je ofishin malamin da kanka. Zuwa da kai ya fi aike. Kada ka tsaya a "Malam, an yarda da kalkuleta?" domin zai ce maka e, alhali wata yake nufi, kai kuma wata kake nufi. Rarraba masa tambayar: an yarda da mai zana giraf? An yarda da wadda ake rubuta wa furogiram ko ake ajiye rubutu a cikinta? An yarda da mai CAS, wato mai warware aljabara da kanta? In da hali, nuna masa hoton ainihin wadda kake son saya a wayarka.

A jami'o'inmu da yawa ƙa'idar ita ce kalkuleta ta kimiyya wadda ba a rubuta mata furogiram. Dalilin a fili yake: mai zana giraf tana da ma'ajiya, ana iya cusa mata fomula da bayanan lakca, ta zama hanyar satar amsa. Kuma ka san hukuncin wanda aka kama da kayan da aka hana a ɗakin jarrabawa ba ƙaramin abu ba ne, ko da zuciyarsa ɗaya. A ƙasashen waje ma ba kowane malami ke yarda ba. Akwai kwasa-kwasan kalkulas a jami'o'in Amurka da ba a shiga jarrabawarsu da kalkuleta ko wace iri, daga kai sai fensir.

Wanda ke shirin fita waje karatu, ya duba dokar jarrabawar da ke gabansa. ACT, ɗaya daga cikin jarrabawar shiga jami'a a Amurka, ta daɗe da hana masu CAS irin su TI-89, TI-Nspire CAS da HP Prime. Takwararta SAT a da ta yarda da su, amma tun 2025 ita ma ta hana. Kuma yanzu da ake rubuta ta a kwamfuta, an saka Desmos, wata manhajar zana giraf, a cikin manhajar jarrabawar, kowa na iya zana giraf ba tare da ya zo da tasa ba. Jarrabawar FE da injiniyoyi ke rubutawa a Amurka, wadda hukumar NCEES ke shiryawa, ba ta yarda da mai giraf ba gaba ɗaya: Casio fx-115 da fx-991, HP 33s da 35s, sai TI-30X da TI-36X, shi ke nan. A Faransa kuma, inda 'yan'uwanmu na Nijar da dama ke zuwa, kalkuleta mai ma'ajiya sai tana da yanayin jarrabawa, wato wani saiti da ke kulle duk abin da aka ajiye, wata 'yar fitila kuma ta riƙa ƙiftawa a samanta don mai sa ido ya gani daga nesa.

Kada ka tambayi malami ɗaya ka ce ka gama. Na fiziks zai iya yarda, na lissafi ya ƙi.

Mataki na biyu: tabbatar kana buƙatarta ma tukuna

Nan ne zan faɗi abin da mai shago ba zai so ba. Ɗalibai da dama za su gama digiri lafiya lau ba tare da sun taɓa mallakar kalkuleta mai zana giraf ba.

Dubi abin da ƙaramar Casio fx-991ES Plus ke yi, wadda kusan kowane ɗan kimiyya ke da ita a aljihu. Tana warware ikweshan masu haɗe da juna har masu haruffa uku, tana aikin matiris har mai layi uku da ginshiƙi uku, tana lissafin lambobin kwamfileks, wato masu ɗauke da i, tana ba da amsar intigireshan da difarensheshan a lamba, tana fitar da tebur na x da y wanda da shi za ka zana giraf ɗinka a takarda. Ƙanwarta fx-991EX ta kai haruffa huɗu da matiris huɗu sau huɗu, ga lissafin ƙididdiga irin na rabon nomal da bainomiyal. TI-36X Pro ma kusan haka take a wajen masu son kayan Texas Instruments. Dukansu da hasken rana da ɗan ƙaramin batir suke aiki, kuma kuɗinsu bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na manyan masu launi ba.

Zanen giraf kuwa, wayar da ke hannunka ta fi kowace kalkuleta iyawa. Desmos kyauta ce, GeoGebra kyauta ce, kuma da zarar ka sauke manhajarsu suna zane ko babu data. Da yatsa biyu za ka buɗe giraf ka matse shi, abin da a kalkuleta sai ka shiga saiti ka rubuta lambobi huɗu. GeoGebra, wadda Markus Hohenwarter ya fara a Jami'ar Salzburg ta ƙasar Ostiriya a 2001, har zane mai tsawo da faɗi da zurfi (3D) da aljabara take yi. Saboda haka in sashenku ya hana mai giraf a jarrabawa, shawarata ka sayi ta kimiyya mai kyau, ka yi karatun ɗaki da waya, ragowar kuɗin ka sayi littafi.

To wa ke buƙatar mai giraf? Wanda malaminsa ya ce a saya kuma yake koyarwa da ita a aji. Wanda jarrabawarsa ta yarda da ita, domin in abokan zamanka na duba amsarsu da zane kai ba ka yi, an bar ka a baya. Wanda ke yawan aikin ƙididdiga ko na matiris manya. Akwai kuma wanda ya san halinsa: in ya ɗauki waya don zana giraf, sai ya farka bayan awa ɗaya a WhatsApp. Wannan dalili ne na gaske, ban raina shi ba.

Mataki na uku: mai CAS ko marar CAS

Wannan ita ce mararrabar da ta fi kowace muhimmanci, kuma a nan aka fi yin asara. CAS na nufin kalkuletar na iya sarrafa haruffan aljabara kamar yadda kake yi a takarda, ba lambobi kaɗai ba.

Ga yadda bambancin yake a aikace. Ka ba TI-84 Plus x³ ka ce ta nemo gangarensa a inda x yake 2. Za ta ba ka 12.000001. Amsar gaskiya 12 ce cif. Wannan ɗan wutsiyar ya fito ne saboda ba difarensheshan take yi ba, kintace take: tana ɗaukar wurare biyu kusa da 2, ɗaya gaba kaɗan ɗaya baya kaɗan, ta auna gangaren da ke tsakaninsu. Mai CAS kuwa za ta rubuta maka 3x² kai tsaye, sannan in ka so ka saka 2 ka samu 12. Ka ba ta x² − 5x + 6, ta fasa maka shi zuwa (x − 2)(x − 3). Ka ba ta x² sin x, ta ce 2x sin x + x² cos x. Aikin da malami ke son ya ga ko ka iya, shi take yi cikin ƙiftawar ido. Ka ga dalilin da ya sa ake tare ta a ƙofa.

Ra'ayina shi ne ɗan aji ɗaya da aji biyu ya haƙura da CAS, ko da an yarda masa. Lokacin ne hannu ke koyon difarensheshan da intigireshan, kuma wanda ya saba miƙa wa na'ura tun daga nan, ranar da aka ce ya nuna matakai a takarda zai yi zuru. A manyan azuzuwa lamarin ya sauya. Ɗan injiniyancin lantarki da ke warware da'ira mai madauki uku, kowace lamba da j a jikinta (sunan da suke kiran i ɗin lambobin kwamfileks), ba aljabara ake gwada shi a kai ba, fahimtar da'irar ake nema. A nan CAS na rage wahala sosai. Ka kuma lura da wannan, domin ba a cika faɗa ba: TI-84 ba ta karɓar lambobin kwamfileks a cikin matiris. TI-89 Titanium, TI-Nspire da HP Prime suna karɓa. Ga mai karatun lantarki, wannan kaɗai ya isa ya sauya zaɓi.

A kula da suna. TI-Nspire CX II da TI-Nspire CX II CAS kamar Hassan da Hussaini suke, haruffa ukun nan da ke rubuce a saman allo ne ke raba su. In oda za ka yi ta intanet ko aike za ka ba wani, rubuta masa cikakken sunan, ka ce ya turo hoton kwalin kafin ya biya.

Mataki na huɗu: san waɗanda ke kasuwa

Casio ce ta fara fito da kalkuleta mai zana giraf, fx-7000G, a 1985. Texas Instruments ta shigo da TI-81 a 1990, daga nan ta mamaye makarantun Amurka, har ta kai littattafan lissafi da yawa na can suna nuna matakan aiki da madannan TI ne. Wannan tarihin na da amfani a gare ka, domin shi ya sa TI ta fi tsada ba tare da ta fi sauran ƙarfi ba: suna da sabo ake saya.

TI-84 Plus ta fito a 2004, allonta baƙi da fari ne mai ɗigo 96 a kwance 64 a tsaye, tana cin batir AAA huɗu. TI-84 Plus CE ta 2015 ta fi ta sirantaka, allonta mai launi ne mai ɗigo 320 da 240, cajinta ake yi da wayar USB, akwai kuma samfurin da ke da Python, wato harshen rubuta furogiram. Ba ta da CAS. Babban abin da take da shi shi ne jama'a: duk inda ka maƙale, za ka samu bidiyo a YouTube da wani ya nuna madanni ɗaya bayan ɗaya. A Amurka kuɗinta ya haura dala 100, ka lissafa da canjin yau ka ƙara kuɗin kawowa. Wani abin dariya, ka ba ta √12 ta ba ka 3.464101615, alhali 'yar ƙaramar fx-991ES Plus za ta rubuta maka 2√3 tsaf.

Casio fx-9750GIII ita nake fara nuna wa duk wanda aljihunsa bai da nauyi. Kuɗinta wajen rabin na TI-84 Plus CE ne, tana zana giraf da sauri, tana ƙididdiga da matiris da tebur, har Python tana da shi. Allonta ba launi, ɗigo 128 da 64, kuma ba shi da haske daga ciki, sai ka zauna kusa da fitila in dare ya yi. Batir AAA huɗu take ci. Yayarta fx-CG50 ta 2017 mai launi ce, allon ya fi faɗi, tana zanen 3D, ita ma AAA huɗu. Wanda ya taso da Casio tun sakandare, hannunsa zai gane SHIFT da ALPHA ba tare da an koya masa ba. Masu karatu a tsarin Faransanci za su tarar da 'yan'uwan waɗannan da wasu sunaye: Graph 35+E II da Graph 90+E a ɓangaren Casio, TI-83 Premium CE a ɓangaren TI.

TI-Nspire CX II, ta 2019, wata duniya ce daban. Tsarinta na fayil-fayil ne kamar kwamfuta, akwai wurin shafawa da yatsa a tsakiya mai motsa kibiya. Tana da ƙarfi, amma sai ka ba ta lokaci; wanda ya saba da TI-84 yakan yi kwanaki yana ɓata a cikinta. TI-89 Titanium tsohuwa ce, tun 2004, allonta ba launi, amma injiniyoyi da yawa har gobe ba su yarda sun rabu da ita ba, saboda CAS ɗinta mai sauƙin kira ne kuma batir AAA take ci. Da tsohuwar zuma ake magani.

HP Prime ta fito a 2013, aka sabunta cikinta a 2018. Allonta na taɓawa ne kamar waya, tana da CAS, kuma a sauri ba ta da na biyu a cikin waɗanda na lissafa. Matsalarta ƙarancin masu ita: in ka rikice, da wuya ka samu na kusa da zai warware maka. NumWorks 'yar Faransa ce, ta 2017, tsarinta mai sauƙi ne ƙwarai, kuma kamfanin ya saki kwafinta kyauta a matsayin manhajar waya, za ka iya gwada ta mako guda kafin ka yanke shawara. Samunta a shagunanmu ne aiki.

In malaminka da wata ƙirar yake koyarwa, ko yawancin 'yan ajinku wata suke riƙe, bi su kawai. Wadda ta fi kyau a takarda ba ta kai wadda na kusa da kai zai iya nuna maka madanninta ana gobe jarrabawa ba.

Mataki na biyar: batir

Wanda ke rubuta shawara daga ƙasar da wuta ba ta ɗaukewa zai ce ka sayi mai caji. Ni ina ganin a wurinmu mai AAA ta fi kwanciyar hankali. In ta mutu da safen jarrabawa, mai kanti na bakin ƙofar makaranta na da batir. Mai caji in ta mutu, ɗakunan kwana kuma kwana biyu ba wuta, sai dai ka nemi mai fawa-bank. Sannan batirin caji yana tsufa bayan wasu shekaru, samun madadinsa na asali a nan sai an sha yawo. In mai cajin ka fi so, ba laifi, caji ɗaya yana kai ta kwanaki da yawa. Ka dai mayar da shi al'ada kana cika ta daren jarrabawa. Mai AAA kuma ka saya mata batir alkalin mai kyau, ba na rediyo mai arha ba.

Mataki na shida: gwaji a gaban mai shago

Sabuwa ce ko ta hannu, kada ka biya sai an saka batir ka gwada. Mai shago zai ce, "Haba ɗalibi, sabuwa ce dal a kwalinta." Ka ce, "Na yarda Alhaji, gani dai ya kori ji." Minti biyar ya ishe ka.

Fara da madanni. Danna kowane ɗaya, daga 0 zuwa 9, sannan sin, cos, tan, log, baka biyu da kibiyoyi huɗu. Wanda sai ka danna da ƙarfi kafin ya amsa, zai ci amanarka a lokacin da kake sauri.

Sai lissafi. Rubuta sin 30. In ta ba ka 0.5, tana kan digiri. In ta ba ka −0.988, tana kan radiyan. Duka daidai ne, amma nemo inda ake sauyawa tun a nan: a TI-84 madannin MODE ne, a Casio kuma SHIFT sannan MENU. Shigar da matiris mai layin farko 2, 1 da layi na biyu 5, 3, ka nemi kishiyarsa, wato inverse. Dole ka ga 3, −1 a sama, −5, 2 a ƙasa. Nemi intigireshan na x² daga 0 zuwa 1, amsar kashi ɗaya cikin uku ce, ko 0.3333.

Yanzu zane. Shigar da y = x² − 5x + 6. Za ka ga lanƙwasa kamar ƙwarya a zaune, ta yanke layin x a 2 da 3, gindinta kuma yana x = 2.5, y = −0.25. Sa kalkuletar ta nemo waɗannan da kanta: a TI-84 ka danna 2nd sannan TRACE, a Casio SHIFT sannan F5. Lura da tsawon lokacin da ta ɗauka, ka kuma lura ko idonka na iya karanta allon ba tare da ka ƙanƙance shi ba. Fita da ita bakin ƙofa ka gani cikin hasken rana.

Ta hannu tana buƙatar ƙarin bincike. Buɗe murfin batir ka duba ko akwai farin gari ko tsatsa kore a jikin ƙarafunan. Alamar batir ya taɓa fashewa a ciki ke nan, kuma ruwan kan ci har cikin na'ura. Dubi allo da kyau ko akwai layi a tsaye ko a kwance da ba ya nuna komai, ciwon tsofaffin masu baƙi da fari ke nan, kuma yaɗuwa yake yi. In mai caji ce, duba ko bayanta ya kumbura, ka kuma jona ta ka ga tana karɓar wuta. Wanda ya fi dacewa ka saya a hannunsa shi ne ɗalibin da ke gama karatu a sashenku: ka san an yarda da irinta, zai yi maka sauƙi, ƙila ma ya zauna ya nuna maka sirrinta.

Maganar jabu ta fi shafar ƙananan na kimiyya, musamman masu kama da fx-991ES Plus, waɗanda suka cika kasuwa. Ana gane su da rashin nauyi, rubutun madanni da ya yi dishi-dishi, da jinkiri in aka ba su intigireshan. Duba tambarin tabbatarwa da ke jikin kwali, kuma in farashin ya yi arha fiye da hankali, araha ba ta ado. Jabu na iya yi maka tarawa da ɗebewa lafiya, sai a lissafi mai nauyi ta ba ka amsar da ba ita ba, kai kuma ka kwafe da gaba gaɗi.

Mataki na bakwai: zauna da ita kafin ranar da za ka buƙace ta

Ba a fafe gora ranar tafiya. Makonni biyun farko, duk aikin gida da aka ba ka, yi shi da hannu sannan ka maimaita a kalkuleta. Akwai tarkuna kaɗan da kusan kowane sabo ke faɗawa, gara ka faɗa cikinsu a ɗakinka.

Na farko tagar zane. Rubuta y = x² + 50 a TI-84 ka danna GRAPH. Ba za ka ga komai ba sai layukan x da y. Ba lalacewa ta yi ba. Tagarta ta asali daga −10 zuwa 10 take nunawa ta kowane ɓangare, lanƙwasar kuwa daga 50 ta fara, tana can sama da allo. Shiga WINDOW ka ɗaga Ymax zuwa 150, ko ka danna ZOOM sannan 0 ta daidaita da kanta. ZOOM sannan 6 ke mayar da kai tagar asali. A Casio wurin shi ne SHIFT sannan F3, tagarta ta farko ma ta fi ƙanƙanta, daga −6.3 zuwa 6.3. Darasin da ke ciki shi ne sai kana da hasashen inda giraf zai faɗa kafin na'ura ta nuna maka shi. Haka in ka zana sin x kana kan digiri a tagar asali ta TI-84, maimakon igiyar ruwa za ka ga layi kusan a miƙe, domin digiri goma kacal kake kallo ta kowane ɓangare.

Na biyu alamar ɗebewa. Madanni biyu ne: na ɗebe wani abu daga wani, da na lamba mai ƙasa da sifili wanda aka rubuta a cikin baka. In ka musanya su a TI-84 za ta ce maka ka yi kuskuren rubutu. Sannan −3² za ta ba ka −9, ba 9 ba, domin tana fara ninkawa kafin ta saka alamar. In 9 kake nufi, rufe −3 a baka.

Na uku ya fi ɓoyuwa. Rubuta 6÷2(1+2). TI-84 za ta ce 9, Casio da yawa za su ce 1, saboda sun bambanta a kan ko ninkawar da ba a rubuta alamarta ba tana gaba da rabawa. Mutane sun sha yin musu a kan wannan a Facebook kamar za a daku. Kai dai ba ruwanka da musun: duk abin da ke ƙarƙashin layin rabawa, rufe shi a baka, ko ka yi amfani da madannin da ke rubuta sama da ƙasa kamar a littafi.

Koyi kuma yadda ake share ma'ajiya da shiga yanayin jarrabawa, domin mai sa ido na iya cewa ka share a gabansa. A TI-84 ana danna 2nd, sai +, sai 7, 1, 2, duk abin da ke ma'ajiyar aiki ya tafi. In kana da furogiram da ka sha wahalar rubutawa, kwafe shi zuwa kwamfuta tukuna. TI Connect CE ce manhajar da ke yin haka ga TI-84 Plus CE, Casio na zamani kuwa in ka jona su kwamfuta suna buɗewa ne kamar filashi. Yanayin jarrabawa shiga cikinsa da sauƙi, fita ce ke buƙatar kebul da kwamfuta ko wata kalkuletar irinta, don haka kada ka gwada shi da wasa a daren da kake buƙatar bayananka.

Ko ka sayi mai giraf, riƙe ƙaramar ta kimiyya a jaka, kuma ka riƙa taɓa ta lokaci-lokaci don kada hannu ya manta. Ita ce za ta shiga da kai duk ɗakin da aka tare babbar. Ƙanena yanzu haka yake yi: babbar na kan teburin karatu, ƙaramar na aljihun riga.

Rubuta sunanka da lambar rajistarka a bayanta da cikin murfin batir, da alƙalamin da ba ya gogewa, domin a ɗakin karatu duk kalkuletoci kama ɗaya suke. Kada ka bar ta a mota a rufe cikin zafin Afrilu, allo da batir duka ba sa son haka. In an tafi dogon hutu, ko aka shiga yajin aikin da ba a san ranar dawowa ba, cire batiran AAA ɗin ka ajiye su daban. Mai caji kuma ka bar ta da kamar rabin caji, ka riƙa jona ta duk bayan wata biyu.